Lafiyar direba ita ce lafiyar matafiya

Kafin mota ta bar tashar Dakoro, akan dubi tayoyi, a dubi birki, a ƙara wa injin ruwa. Mutumin da zai riƙe sitiyari kuwa, ba mai tambayar lafiyarsa. Alhali rayukan matafiya duka a hannunsa suke, ko a kan hanyar Maradi ta Kornaka da Tibiri, mai tsawon fiye da kilomita 100, ko cikin rairayin Sakabal da Bermo, inda garken shanu kan ratso hanya ba sallama.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana a shekarar 2023 cewa hatsarin hanya na kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma idan an gwada da yawan jama'a, ɓarnar ta fi tsanani a Afirka. An saba ɗora laifi kan gudu da lodi da lalacewar hanya. Gaskiya ne. Amma akwai wani sanadin da ba a cika ambata ba, shi ne cutar da ta daɗe a jikin direba.

Tuƙi aikin hankali ne: ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta taka birki. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. Jinkirin daƙiƙa biyu ya isa a yi asarar rai.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, idan ya kama hanya bai ci abinci ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0,70 a lita. Nan take zufa ta karyo masa, hannu ya yi rawa, gani ya dushe, tunani ya rikice. Hawan jini, wanda ake kira tansiyo, ya fi wannan ɓoyo: kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. A hankali yake lalata jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa, wata rana ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, yakan wayi gari da gyangyaɗi. Farfaɗiya kuwa ba ta faɗin ranar zuwanta. Wasu kan nemi rufe gajiya da ƙwayar taramol, ita kuma tana dusashe hankali, idan ta yi yawa har ta jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Me ya sa direba ke ɓoye ciwonsa? Domin tuƙin shi ne gonarsa. Ya san in mai mota ya ji labari, gobe makulli na hannun wani, iyali kuma na jiran cefane. Saboda haka tsoratarwa da janye parmi kaɗai ba za su yi magani ba, sai dai su ƙara ɓoyo. Galibin masu tansiyo da masu ciwon sukari na iya ci gaba da aikinsu lami lafiya muddin suna bin magani. Waɗanda likita ya hana wa tuƙi, kamar mai farfaɗiyar da ba ta kwanta ba, ya kamata a sama musu wani aiki cikin tasha.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin gunduma ba. Awon tansiyo da na sukari ba su wuce ƴan mintoci. Ya dace asibitin gundumar Dakoro da ƙungiyar direbobi su tsai da rana, ma'aikatan lafiya su zo tasha su auna kowa, har da ƴan kabu-kabu, sakamakon kuma ya zama sirri tsakanin direba da likita. Ya dace hukumar ANISER mai kula da tsaron hanyoyi ta sa wannan darasi cikin gargaɗinta, da harsunan ƙasa. Masu motoci su bar direba ya sami barci tsakanin tafiya da tafiya, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Direba mai ciwon sukari ya ci abinci kafin tashi, ya ajiye sukari ko dabino kusa, ya tsaya gefen hanya da zarar ya ji jiri.

Matafiya ma da nasu hakki. Su daina gunaguni idan direba ya tsaya hutawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma gara a isa Maradi da la'asar da a rasa isa sam.