Kariyar Babur Ba Bayan A-kori-kura Ba Ce

'Yan uwa, da yawanmu mun taɓa kai babur wajen mai walda ya ƙara wa kariya tsawo, don ɗaukar tanti da tabarma da jarka in za mu kwana a daji. Dabara ce mai kyau, amma muna yawan manta nauyi. Duk kayan da suka zarce tayar baya suna ɗaga gaban babur, kai ya yi sako-sako, musamman a hawa. Ruwa lita 20 kilo 20 ne, don haka mu ɗaure jarka daf da bayan matuƙi, mu bar wa ƙarin ƙarfen tabarma da bargo. A yi masa tokara biyu, kada ya rufe fitilar baya. Gara mu rage kaya da mu kwana a asibiti.