Suna Ba Shi Ne Asali Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a ajujuwanmu na ilimin halittu, wato a ɗora wa ɗalibi haddar jerin sunayen Latin, sai ka ce an gama rarrabe halittu tun zamanin kakanni. A ganina wannan kuskure ne, kuma labarin wata 'yar ƙwayar bakteriya ya isa hujja.

A shekarar 1986, Sallie Chisholm da Robert Olson, masana daga Amurka, suna binciken ruwan Tekun Sargaso da wata na'ura mai tura ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza. Sai suka lura da wani ɗan jan haske mai rauni. Ashe wata bakteriya ce mai haɗa abincinta da hasken rana kamar tsirrai, faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A mililita guda na ruwan teku ana iya samun 100,000 daga cikinta, amma duk tsawon zamani ba wanda ya tantance ta. Sun bayyana ta a 1988, aka raɗa mata suna Prochlorococcus marinus a 1992. Yau an san babu wata halitta mai cin moriyar hasken rana da ta kai ta yawa a duniya.

To, ga inda gizo ke saƙa. An ba ta wannan suna ne domin tana ɗauke da wani nau'in koren sinadari, kulorofil b, irin na wata bakteriya mai suna Prochloron, aka zaci dangi ne na kusa. Da aka gwada jerin ƙwayoyin gadonsu, sai ta bayyana cewa 'yar'uwarta ta jini ita ce Synechococcus. Kama da wane ba ta wane ba ce. Sunan dai ya riga ya zauna, ba a sauya shi ba.

Ɗalibin da ya haddace sunan kawai zai ɗauki zaton da aka riga aka warware a matsayin gaskiya. Saboda haka nake roƙon malamai, idan an zo darasin rarrabe halittu, a ware ko minti goma ne a tambayi yara: da wace hujja aka sa wannan halitta a wannan gida, launi ko siffa ko gado? Kuma a daina kiran wannan dangi gansakuka kamar yadda tsofaffin littattafai ke yi, domin ƙwayarsu ba ta da cibiya mai rufi irin ta gansakuka, bakteriya ce.