Frank Field: Wakilin Da Ya Hana Manya Barci

Idan ɗan siyasa ya mutu, kowa sai ya zama masoyinsa. Waɗanda suka yi ta sukarsa jiya su ne kan gaba wajen aika saƙon ta'aziyya, kuma kalmomin ba sa canzawa: mutumin kirki ne, mai kishin ƙasa ne, an yi babban rashi. Haka aka yi a Birtaniya da Frank Field ya mutu ranar 23 ga Afrilun 2024, yana da shekara 81. 'Yan jam'iyyar Labour suka yaba, abokan hamayyarsu na Conservative ma suka yaba. Sai dai shi yabon nasa akwai abin da za a dafa a nuna, don ana iya lissafa shi da kuɗin da ya shiga hannun talaka.

Daga ƙasa ya faro. A 1964 aka zaɓe shi kansila a Hounslow da ke yammacin Landan, bai ma cika shekara 22 ba, ya yi shekara huɗu a kujerar. Kujera ce da manya ke rainawa, amma a nan ake sanin wanda rufin gidansa ke yoyo da wadda kuɗin haya ya fi ƙarfinta. A 1969 ya karɓi ragamar Child Poverty Action Group, ƙungiyar da ke yaƙi da talaucin da ke addabar yara, ya yi shekara goma a can. A 1979 mutanen Birkenhead, garin masu ƙera jiragen ruwa da ke tsallaken kogin Mersey daga Liverpool, suka tura shi majalisar wakilai. Shekara 40 ya yi yana wakiltarsu.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ya faru tun kafin ya shiga majalisa. A 1976 gwamnatin Labour ta James Callaghan ta shirya jingine alkawarin da aka yi na biyan kuɗin tallafin yara kai tsaye ga iyaye mata. Tsoronsu shi ne magidanta su ga albashinsu ya ragu saboda an janye musu rangwamen haraji an miƙa kuɗin ga matansu, su huce a kan gwamnati. Wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati ya ɗauko bayanan sirri na zaman majalisar ministoci ya damƙa wa Field, shi kuma ya fallasa su a mujallar New Society. Gwamnati ta ji kunya, aka fara biyan kuɗin a 1977. Ku lura, jam'iyyarsa ce ke mulki, kuma yana da burin tsayawa takara a cikinta. Da wani ne, da ya yi shiru ya jira rabonsa. Aka yi ta bincike a gano wanda ya fitar da takardun, Field bai buɗe baki ba. Sai a 2014, bayan mutuwar mutumin, littafin tarihin rayuwarsa ya bayyana cewa Malcolm Wicks ne, wanda daga baya shi ma ya zama ɗan majalisa har da minista. Kusan shekara arba'in ana riƙe da amanar mutum ɗaya, a sana'ar da asiri ba ya kwana!

Irin wannan tsayin daka ya nuna a kan attajiri Philip Green. Green ya sayar da kantunan BHS a kan fam ɗaya tak a 2015, shekara na zagayowa kamfanin ya durƙushe, mutum kusan 11,000 suka rasa aiki, asusun fanshon ma'aikata ya kwana da giɓin fam miliyan 571. Field, a matsayinsa na shugaban kwamitin majalisa mai kula da ayyuka da fansho, ya sa shi a gaba. Green ya nemi Field ya sauka daga shugabancin binciken, shi kuma ya ƙi. A watan Fabrairun 2017 Green ya amince ya zuba fam miliyan 363 a asusun. Ba Field kaɗai ya yi aikin ba, hukumar kula da fansho ce ta kammala yarjejeniyar, amma da babu mai ƙorafin da ba ya gajiya, da wuya a kai nan. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Field ya ɗauki ƙuri'ar talaka a matsayin lada da ya riga ya ci.

Ba waliyyi ba ne, kuma rashin adalci ne ga mamaci a wanke shi har ya daina kama da kansa. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Firayim Minista Tony Blair ya naɗa shi ƙaramin ministan gyaran tsarin tallafi a 1997, bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba ya ajiye, bayan saɓani da ministoci Gordon Brown da Harriet Harman. Ya daɗe yana kiran a rage yawan baƙin da ke shiga Birtaniya, maganar da ba za ta yi wa 'yan Afirka mazauna can daɗi ba. A 2021, da ciwon ajali ya kama shi, ya aika saƙo aka karanta a majalisar dattawa yana goyon bayan dokar da za ta ba marar lafiyar da aka fidda rai da shi damar neman a taimaka masa ya mutu. A wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan; rai ba mallakar mai shi ba ne balle ya mayar lokacin da ya ga dama. Amma ko a nan bai ɓoye ba, ya faɗa a fili cewa ya sauya ra'ayin da yake kai a da.

Rabuwarsa da jam'iyya ta zo a 2018. Ya goyi bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ya kaɗa ƙuri'a tare da gwamnatin Conservative a wani zama mai zafi, reshen jam'iyyarsa na Birkenhead ya ce ya dawo daga rakiyarsa. A watan Agusta ya fice daga sahun 'yan majalisar Labour, yana zargin shugabanninta da kau da kai daga ƙyamar Yahudawa da cin zarafin da ake yi a cikin gida. Duk wannan rigimar ba ta hana shi aikin Feeding Britain ba, ƙungiyar da ya taimaka aka kafa don ciyar da mayunwata, ciki har da yaran da hutun makaranta ke raba su da abincin rana.

A zaɓen Disambar 2019 ya tsaya ba tare da tutar Labour ba, mutanen Birkenhead suka bi tuta suka bar mutumin, ɗan takarar Labour Mick Whitley ya kayar da shi. 'Yancinsu ne su zaɓi wanda suke so, amma a ganina sun yi kuskure.