Masu Sayar da Tsoro Daga Ƙetare

Ya Edita,

Gabanin zaɓen 2015, jam'iyyar APC ta ɗauki kamfanin AKPD na Amurka, wanda David Axelrod, tsohon mashawarcin Obama, ya kafa. Wani attajiri mai goyon bayan Shugaba Jonathan kuwa ya yi hayar Cambridge Analytica na Ingila.

Sai a 2018 asiri ya tonu, lokacin da Christopher Wylie, tsohon ma'aikacin Cambridge Analytica, ya miƙa wa 'yan majalisar Birtaniya wani bidiyo da aka yaɗa a lokacin kamfen. Jini ne male-male, ga gawawwaki, ana tsorata masu zaɓe cewa Buhari na hawa mulki za a ƙaƙaba wa kowa shari'a da ƙarfin tsiya. Wanda ya ga tarzomar bayan zaɓen 2011 a Kaduna ya san irin wutar da baƙin nan suka yi wasa da ita, kuma abin yana ci wa mai wannan wasiƙa rai ƙwarai.

Kamfanin Cambridge Analytica ya taɓa yi wa Uhuru Kenyatta aiki a Kenya, ya kuma rufe a 2018. Ya kamata INEC ta tilasta wa jam'iyyu bayyana sunan duk mashawarcin waje da suka ɗauka, da kuɗin da suka biya shi.

Daga wani mai karatu, Zariya.