Tsohuwar Jif da Doguwar Tafiya: Abin da Ya Kamata a Fara Kashe wa Kuɗi

A watan Janairun 1982, yayin tseren motoci na Paris zuwa Dakar, motar da Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta wancan lokaci, yake ciki ta lalace a hamadar kudancin Aljeriya. Shi da direbar motar da makanikensu suka yi kwana shida ba a san inda suke ba, har sai da jirgin sojan Aljeriya ya hango su daga sama. Sun tsira saboda sun zauna kusa da motarsu, suna da ɗan ruwa, kuma akwai gwamnatocin da suka tashi nemansu.

Bayan shekara talatin da ɗaya, a watan Oktoban 2013, motoci biyu da suka tashi daga Arlit ɗauke da 'yan ci-rani suka lalace kafin su kai iyakar Aljeriya. An tsinci gawarwaki 92, mafi yawansu mata da ƙananan yara. Waɗannan bayin Allah ba yawon buɗe ido suka fita ba, talauci ne ya fitar da su, kuma ba su ne suka zaɓi motocin ba. Amma abin da ya same su ya nuna gaskiyar da ta shafi duk wanda ya bar kwalta: a wurin da babu gari babu rijiya, lalacewar mota tana iya zama ajali.

Yanzu an samu masu hali da ke sayen tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu domin su yi kwanaki a daji ko hamada, suna kwana a tanti, ko a tsaunukan Gashaka-Gumti da Mambila, ko a tuddan rairayin Yusufari, ko kuma can cikin Ayar da Tenere idan hali ya yi. Sha'awa ce mai kyau. Sai dai galibi kuɗin farko yakan tafi kan abin da ido ke gani: manyan fitilu, ƙarfen gaba, kariya a kan rufi, tayoyi masu faɗi. Wannan kuskure ne. Shirin gaskiya yana farawa daga abubuwan da ba sa fitowa a hoto, kuma tsarinsa shi ne lafiyar injin da ƙafafu, sai nauyi, sai ruwa da mai, sannan a ƙarshe kayan jin daɗi.

Me ya sa tsohuwa?

Misalin da ya fi dacewa shi ne Toyota Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, musamman mai injin dizal ƙirar 1HZ. Injin ne mai silinda shida, lita 4.2, ba shi da tabo, kuma famfon da ke tura masa mai na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Ba shi da gudu, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, amma an shafe fiye da shekara talatin ana ƙera shi, kuma da wuya a rasa makaniken da ya san cikinsa a Kano ko Zinder ko Agadas.

Masu fifita sabuwar mota suna da hujja mai ƙarfi. Sabuwa ba ta cika lalacewa ba, birkinta ya fi kyau, tana da jakar iska da na'urar hana kifewa, kuma idan aka yi haɗari ta fi kare rai. Wannan duk gaskiya ne a kan titi. Bambancin yana fitowa ne a ranar da aka samu matsala nesa da gari. Sabon injin dizal yana aiki da matsin mai mai tsananin ƙarfi, don haka ɗan ruwa ko datti a cikin man da aka saya daga duro yana iya lalata shi, kuma ƙaramar na'ura guda idan ta mutu tana iya sa kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi ko ta hana ta tashi. Tsohon injin yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, da hayaƙi ko ƙara ko yoyo, kuma sau da yawa ana iya lallaɓa shi da sufana da waya har a isa gari. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma da sharaɗin zumar ba ta gurɓace ba. Motar da ta shekara talatin tana da wannan fifiko ne kawai idan mai ita ya yarda cewa duk wata roba da ke jikinta ta tsufa.

Zafi ne babban abokin gaba

A cikin rairayi mota tana tafiya a hankali da ƙaramar giya, injin yana aiki da dukan ƙarfinsa, iskar da ke bugun lagireto kuma kaɗan ce. Duk raunin da ke ɓoye a tsarin sanyaya injin a nan yake bayyana. Saboda haka lagireto ne farkon abin dubawa: a wanke shi ko a sauya shi, a sauya dukan tiyo na ruwa har da ƙananan da ke bayan injin, a sauya famfon ruwa, da fanbel, da murfin lagireton kansa, domin matsin da murfin ke riƙewa shi ke ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Fanka mai kulochi ma tana rauni da tsufa ba tare da an lura ba.

Akwai al'adu biyu na gareji da ya kamata a guje musu. Ta farko ita ce cire tamostat da sunan wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Aikinsa shi ne riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kuma a wasu injuna cire shi yana buɗe wa ruwa hanyar zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba, sai a samu akasin abin da ake nema. Ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla. Irin wannan ruwa yana barin gishiri da tsatsa da ke toshe hanyoyin lagireto a hankali. Ruwan sanyaya injin da ake sayarwa yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da kuɗin gyaran injin da ya ƙone.

Sai bel ɗin taimin. A injin 1HZ ana sauya shi wajen kowane kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke injin na tafiya, fistin yakan bugi bawul, tafiya ta ƙare ke nan. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano ba shi da tabbacin ranar da aka sauya shi, ko ma gaskiyar lambar da ke kan mita, don haka abin da ya dace shi ne ya ɗauka ba a taɓa sauyawa ba.

Ƙafafu, birki da taya

Ƙafafun gaba na wannan samfuri suna da gaɓoɓi da ke juyawa cikin giris. Idan aka ga baƙin mai yana tsatsafowa ta bayan ƙafa, alama ce robar da ke raba man giya da giris ta mutu, kuma ana bukatar kwance wurin gaba ɗaya, a sauya boris da robobi. Man birki yana tsotsar laima daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Tsohon mai yana iya tafasa a doguwar gangara irin ta Mambila, sai direba ya taka birki ya ji babu komai.

Taya kuwa tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki ko yaya take sheƙi, kuma cikin zafi irin na yankin Sahel hikima ce a sauya tun kafin nan. Doguwar tafiya tana bukatar safaya biyu, da kayan faci, da famfon iska mai aiki da batir. Famfon yana da muhimmanci saboda sirrin tuƙi a rairayi shi ne rage iska, daga 35 ko 40 a ma'aunin falkanaiza zuwa 18 ko 16, domin tayar ta shimfiɗu ta daina nutsewa. Da an dawo kan ƙasa mai tauri dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

Lissafin nauyi

Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, kuma an rubuta shi a jikinta. Ga irin wannan jif, abin da za a iya lodawa, har da mutane, bai cika wuce kilo 800 ba. Lissafin yana cika da sauri. Mutum huɗu sun kai kilo 300. Ruwa lita goma ga kowane mutum a rana, na sha da girki da alwala, na tsawon kwana biyar, kilo 200 ne. Ƙarin dizal lita 120 da jarkokinsa ya haura kilo 100. Safaya ta biyu, jak, shebur, kayan aiki da kayan gyara za su kai wani kilo 100. Saura kilo 100 kacal ga abinci da tanti da shimfiɗa da tufafi. Wanda ya riga ya ɗaura ƙarfen gaba da na'urar ja da ƙatuwar kariya ya cinye wannan ragowar tun motar tana gareji.

Yawan kaya yana karya sifirin, yana gajiyar da shokazoba, yana ƙara shan mai, yana sa mota nutsewa. Inda aka ɗora kayan ma yana da tasiri. Jarkokin mai da ruwa a kan rufi suna ɗaga nauyin motar sama, kuma a gefen tudun rairayi wannan shi ke kifar da ita. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa ne, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure tamau. Rufi na abubuwa marasa nauyi ne, kamar tabarma da tanti.

Mai ma yana da nasa lissafin. Tankin motar lita 95 ne, kuma a rairayi mai laushi shan mai yana iya kusan ninkawa. Tsakanin Agadas da Bilma akwai kimanin kilomita 600 ta cikin Tenere, wato tanki ɗaya ba zai kai ba, kuma ya kamata a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku saboda ɓatan hanya da komawa baya. Ruwa a raba shi cikin jarkoki da yawa, domin tanki guda idan ya huje an rasa duka. A tafi da matatar mai biyu ko uku da matatar iska, tunda ƙurar hunturu da man duro sukan toshe su cikin 'yan kwanaki.

Zango da abokan tafiya

Wasu haɗurran suna zuwa ne bayan an kashe injin. Kori, wato busasshen rafi, yana da inuwa da yashi mai laushi, amma ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya cika shi cikin dare ba tare da ɗigo ya sauka a zangon ba. Daren hamada a Disamba da Janairu yana da sanyi ƙwarai, kuma shigar da gawayi cikin tanti ko rufaffiyar mota don jin ɗumi yana kashe mutane cikin barci da hayaƙin da ba shi da wari. Firiji da fitilu su sha daga batir na biyu da aka ware, domin wanda ke tayar da injin ya kwana a cike.

Mota ɗaya ba ta shiga hamada ita kaɗai, komai kyan shirinta. Ana bukatar aƙalla biyu, da ɗan jagora na yankin, da wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, da wani a gida da ya san hanyar da aka bi da ranar da zai fara neman taimako. Idan mota ta kafe ana jan ta ne daga ƙugiyar da aka yi don ja, domin ƙwallon jan tirela yana iya ɓallewa ya tashi kamar harsashi. Idan kuma ta mutu, a zauna tare da ita: tana ba da inuwa, kuma daga sama an fi saurin ganin mota fiye da mutum. Batun tsaro kuwa yana gaba da duk wannan. A arewacin Nijar da sassa da dama na arewacin Nijeriya akwai hanyoyin da ba a bi sai da izini ko rakiyar jami'ai, kuma babu gyaran mota da ke maye gurbin tambayar hukuma da mutanen gari kafin a tashi.

Matakin ƙarshe shi ne gwaji. A kammala duk gyare-gyare makonni kafin tafiya, domin sabon gyara ma yana da nasa kuskuren: ƙusar da ba a ɗaure ba, tiyon da bai zauna daidai ba, kayan jabu da aka sayar a kwalin na asali. Sannan a loda motar kamar yadda za a yi ranar tafiya, a kai ta wurin da ba shi da nisa da gari, a kwana biyu, mai ita ya sauya taya da hannunsa, ya sauya matatar mai ya fitar da iskar da ta shiga, ya saka giyar ƙafa huɗu ya cire. Duk abin da ya gagare shi a nan, inda makanike ke iya zuwa da babur cikin awa guda, shi ne abin da ya kamata ya koya kafin ya sa ranar tashi.