Kafin Damina Ta Cinye Zaurukanmu



A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a shekarun 1830. Duk mai son sanin asalin fasalinsa a yau, yakan koma ga hotuna da awon da masanin gine-gine Dmochowski, mutumin Foland, ya bari.

Haka kuma James Morris, mai ɗaukar hoto daga Birtaniya, ya zaga Mali da Nijar da Najeriya yana ɗaukar masallatai da gidajen ƙasa, ya fitar da littafinsa Butabu. An baje hotunan a ƙasashen Turawa, mutumin ya ci abinci da aikin, sunansa ya ɗaukaka. Abin da muke raina wa, shi wani ya mayar sana'a.

Mu Hausawan N'Djamena fa? A Moursal da sauran unguwanni samarinmu na da kyamara, amma daga biki sai suna. Alhali ambaliyar 2022 da ta 2024 sun kayar da gidajen ƙasa da yawa a Chadi, abin da ruwa ya bari kuma siminti yana cinyewa. Ga Gaoui nan kusa da mu, garin Kotoko mai tsohuwar fadar sarki da bangayen da mata ke zanawa. Baƙi ne suka fi ɗaukarsa.

Sana'ar tana son haƙuri. Sai ka nemi izinin maigida, ka jira hasken safiya wanda ke fito da zanen bango da inuwarsa, ka ɗauki zanko da azara da indararo, sannan ka rubuta sunan magini da shekarar gini. Ta fuskar addini kuwa, saɓanin malamai a kan surar mai rai yake, bango ba ya ciki.

Sai dai yaro ba zai ci yabo ba. Shawarata, dattawa da 'yan kasuwarmu su haɗa kuɗi, su zaɓi saurayi ɗaya mai basira su biya shi, ya bi zaure zaure kafin damina mai zuwa. A wanke hotunan, a ajiye su wurin shugaban al'umma. Gani ya kori ji, jikokinmu kuma za su tambaya inda kakanninsu suka sauki baƙi.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.