Inshorar tsohuwar mota a Birtaniya: araha mai sharaɗi

Mazda MX-5 ta farko, ƙaramar motar ƙawa mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, ta fito a 1989. Ita da ire-irenta, kamar Porsche Boxster ta 1996 da Honda S2000 ta 1999, suna wani matsayi na tsaka-tsaki a Birtaniya. Sun tsufa, amma ba su cika shekara 40 da gwamnati ke yafe wa mota harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, ba. Kamfanonin inshora kuwa ba sa jiran arba'in. Kowanne da ma'auninsa, kuma da yawa suna sanya mota a rukunin motocin tarihi tun tana shekara 15 ko 20. Sai mai motar ya wayi gari da zaɓi biyu: inshorar gama-gari, ko ta motocin tarihi, wadda kuɗinta kan yi ƙasa sosai.

Yawancin mutane arahar ke jan hankalinsu, alhali ita ce mafi ƙanƙantar abin dubawa. Babban bambancin yana bayyana ne ranar da motar ta yi mummunan haɗari ko aka sace ta. Inshorar gama-gari tana biyan abin da motar za ta yi a kasuwa a wannan ranar, kuma kamfani yakan fara da jadawalin farashi na dillalai. Jadawalin nan ya san sunan mota da shekarunta da nisan da ta ci, amma bai san cewa mai ita ya yanke tsatsar da MX-5 ta yi ƙaurin suna da ita a ƙasan ƙofofi, ya sake fenti, ya ɗinka sabon rufi ba. Tun da an ƙiyasta motar da arha, kayan gyaranta kuma suna da tsada da wuyar samu, bugun da bai taka kara ya karya ba na iya sa kamfani ya ce gyara ya fi ƙarfin darajarta, ya biya ɗan abin da ya lissafa, ya ɗauke gawar motar. Akwai hukumar sauraron koken masu hulɗa da kamfanonin kuɗi da za a iya kai wa ƙara, sai dai wannan jayayya ce bayan aikin gama ya gama.

Inshorar motocin tarihi tana kashe wannan gardama tun kafin ta taso. Mai mota yana aika hotuna da rasidan gyara, wani lokaci da ƙiyasin ƙungiyar masu irin motar, a tsayar da farashi a rubuce. Idan motar ta salwanta, wannan adadin za a biya, bayan an cire kason da mai mota ya amince zai ɗauka. Wasu kamfanonin ma suna barin mutum ya riƙe gawar motarsa in dokar lalatattun motoci ta yarda. Ga wanda ya zuba dukiya da shekaru a mota ɗaya, wannan kaɗai ya isa dalili, muddin yana sabunta ƙiyasin, domin farashin da aka tsayar shekara biyar baya ba lallai ya sayi irinta yau ba.

To amma arahar daga ina ta fito? Daga alkawarin cewa motar za ta fi zama a gareji fiye da kan titi. Akan ƙayyade nisan tafiya a shekara, misali mil 3,000 ko 5,000. Akan nemi mutum ya mallaki wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum, sau da yawa kuma ba a yarda a riƙa zuwa aiki da ita ba. Rangwamen da direba ke tarawa na shekarun da bai nemi diyya ba ma, galibi ba ya ƙaruwa a wannan tsarin.

A nan ne mutane ke yaudarar kansu. Likitan da ke zaune a Leeds, wanda Boxster ce kaɗai motarsa, kuma da ita yake zuwa asibiti kullum, ba abokin cinikin wannan inshora ba ne, komai shekarun motar. Idan ya rage nisan da zai rubuta don ya sami rangwame, ya manta cewa ana rubuta adadin mil a kowane gwajin MOT, kuma kowa na iya duba shi a intanet da lambar mota. Dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ba kamfani damar soke yarjejeniya, ya ƙi biyan diyya, har ya riƙe kuɗin da aka riga aka biya, idan ya tabbata da gangan ko da ganganci aka faɗi abin da ba haka ba. Daga nan duk kamfanin da ya je zai tambaye shi ko an taɓa soke masa inshora, amsar kuma za ta hau kan farashi.

Irin wannan likita ya fi dacewa da inshorar gama-gari, ko ya nemi dillalan da suka ƙware a tsofaffin motoci, domin wasunsu suna haɗa tsayayyen farashi da izinin zuwa aiki a takarda ɗaya, a kan kuɗin da ya ɗara na inshorar motocin tarihi.